Na ce albarka mai saye ya tafi, yanzu ya zan yi da sauran domen ɗina?

Ɗan_Gumel07

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu harkar saye da sayar da domen, wato sunan adireshin shafi a intanet, ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai kwana biyu ko baccin kirki bana samu.

Ni ina wani ƙauye ne gefen Gumel, ina da ɗan shagon cajin waya da POS. Bara da aka cire riɗi na sayar da buhu biyu na ɗebi kuɗin na fara rijistar domen, yanzu ina da guda 23, 17 na .com sauran 6 na .com.ng, yawanci sunayen kayan da muke nomawa ne, riɗi, zoɓo, gero, sai ƴan na dabbobi, tunanina tunda ana fitar da kayan nan waje watarana wani zai nemi sunan. Na saka su a Afternic da Sedo, kasuwannin sayar da domen a intanet, na zauna jira, wata 11 ko ƙala babu wanda ya ce min.

Sai watan jiya yaron wani Alhaji mai sito a Dawanau ya min magana ta WhatsApp yace suna son na riɗin, sun taya dubu 350. Ni kuma na sha karantawa wai ba a amsa tayin farko, sai nace albarka, dubu 900 nake so. Yace zai faɗa wa Alhaji. Kwana uku shiru, na tura saƙo ya buɗe bai amsa ba, na sake turawa, na kira har sau huɗu. Shekaranjiya na duba sai naga sun yi rijistar sunan da ƙarin kalma ɗaya a .com.ng har sun ɗora hoton buhuna da lambar waya. Wlh jikina sanyi yayi, ina zaune a benci wani yaro na miƙo min kati in cire masa dubu 2 sai da ya taɓa ni sannan na san yana wurin.

Ga kuma wani daga waje ya turo imel wai zai sayi na zoɓon dala 4,000 amma sai na kawo takardar kimanta farashi daga wani shafi da ya ba ni, ita kuma dala 79 ce.

Wata mai kamawa 14 cikin na .com ɗin za su ƙare, sabunta su kusan dala 200 ne. In koma wa Alhajin ko in bar shi? In biya kuɗin takardar? Kuma ku a ina kuke samo masu saye?

Abban_Hauwa

Wa alaikumus salam. Maganar takardar nan kar ka biya ko sisi, tsohuwar damfara ce. Shafin da ya turo ka nasa ne ko na abokin cin mushensa, dala 79 ɗin ita yake nema ba domen ba, kana biya zai ɗauke ƙafa ko ya ce takardar ba ta yi ba a sake wata. Ina ka taɓa ganin mai sayen rago ya ce wa mai rago sai ka biya an kimanta min shi? Ka rubuta masa kace domen ɗin yana Sedo ya je ya danna ya biya, ko ku bi ta Escrow.com su riƙe kuɗin sai kaya ya shiga hannunsa su sakar maka. Za ka ga abinda zai biyo baya.

Mai_Shinkafa_Kura

Malam sannu, Allah ya mayar da alheri. Na shekara shida ina taɓa harkar nan gefe da sana'ar shinkafa, kuma abinda ya same ka ya same ni, nawa ma har mun daidaita na tura masa inda zai biya ya kashe waya.

Gaskiya zan faɗa maka ba don in kashe maka gwiwa ba. Labaran da ke jawo mu cikin harkar nan irin su Voice.com ne da aka sayar dala miliyan 30 a 2019, amma su kansu waɗanda suka daɗe a ciki abinda suke yawan faɗa shi ne cikin domen ɗari, ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara in an zauna jira kawai, kuma wannan ga masu sunaye na kirki kenan. To kai da kake da 23 ka lissafa da kanka. Shi kuwa kuɗin sabuntawa baya jiran kowa, Verisign mai riƙe da .com dala 10.26 ya koma karɓa daga kamfanonin rijista a Satumbar 2024, su kuma su ɗora nasu, kai kuma ka nemo dala da nairarka. Kamar kiwo ne, dabba tana ci kullum ko an taya ko ba a taya ba.

Sannan ka duba su waye ke shiga Afternic da Sedo. Bature ko ɗan Indiya mai sayen riɗi bai san kalmar riɗi ba, da sunan Turanci yake nema. Kuma harafin ɗ ma baya shiga yadda muke so, ridi za ka rubuta, zobo za ka rubuta. Wanda sunan Hausa zai yi wa amfani yana Dawanau ko Maigatari ko Haɗeja, kuma shi ba zai taɓa buɗe Sedo ba. Ka kasa kaya a kasuwar da mai sayensu baya zuwa, shi yasa wata 11 shiru. In ma an sayar ta can suna cire kasonsu, Afternic daga 15 cikin ɗari yake farawa ya yi sama.

Inda ka yi kuskure da Alhaji ba cewa albarka bane, tsallen ne ya yi yawa. Mutum ya taya 350 ka ce 900, a ransa zai ce wannan ba sayarwa zai yi ba. Kuma kar ka manta kishiyar domen ɗinka ba wani domen mai tsada bane, wanda ba a yi wa rijista bane, a ƙara kalma ɗaya a biya ƴan dubbai a .com.ng shikenan, abinda suka yi kenan. Duk lokacin da zan faɗi farashi sai na fara duba ko irin sunan a .com.ng da .ng yana nan a sake, in yana nan nasan igiyata gajeriya ce, bana ja da ƙarfi. Da ka ce 500 ina kyautata zaton da kun haɗu a 420 ko 450.

Na 14 ɗin nan, ɗauki biro da takarda, kowane suna ka rubuta ƴan kasuwa na gaske da ke da wannan sana'ar yau waɗanda za ka iya samun lambarsu. Wanda ka kasa samo masa mutum biyar ka sake shi ya tafi, kar ka ce ai na riga na kashe masa kuɗi. Ka leƙa NameBio ma, suna ajiye farashin da aka sayar da domen a baya, ka ga ko an taɓa sayen mai kama da naka. Amma wanda za ka riƙe ka sabunta shi kafin ranar, don in ya wuce ƴan kwanakin sassaucin da ake bayarwa ya faɗa kwana 30 na fansa, kuɗin dawo da shi ya ninka na sabuntawa sau da yawa.

Maman_Ilham_Kazaure

Ƙanina ni ba sayar da domen nake ba, shafuka nake haɗa wa mutane, amma ina zama da irin waɗanda kake nema shi yasa zan sa baki.

Ɗan kasuwarmu in ka ce masa domen bai ga komai ba, iska kake sayar masa. Cinikinsa yana tafiya a WhatsApp da Facebook da kiran waya. Ranar da yake jin buƙatar abin ita ce ranar da ya yi rijistar CAC, ya karɓi takardar NEPC ta fitar da kaya, ya tura wa wani kamfani na waje saƙo da Gmail aka ƙi kula shi. Nan ne zai ce a yi masa imel mai sunan kamfani. To irin waɗannan za ka bi, waɗanda suka buga kati ko suka yi allo a ƙofar sito amma Gmail ne a jiki.

Akwai wani mai zoɓo da na je wurinsa, na yi ta bayani yana ta danna carbi yana kallon masu auna kaya, sai na ciro waya na nuna masa shafi ɗaya tal da na haɗa da daddare, hoton buhunansa, sunansa a sama, maɓallin WhatsApp a ƙasa. Ya karɓi wayar ya riƙe ta da hannu biyu, ya kira ƙaninsa yace zo ka ga. Ranar aka biya. Ka koyi haɗa irin wannan ko ka haɗa kai da mai yi, ka sayar da suna da shafi da imel a dunƙule.

Kuma dan Allah ka daina kiran yaron nan. Kira huɗu ya isa ya sa su ɗauka a matse kake.

Jikan_Dillali

Kakana da babana duk dillalan shanu ne a Maigatari, tun ina ƙarami duk Alhamis ina kara. Albarka ba korar mai saye bace, ana faɗinta ne hannu yana cikin hannu, sai dillali ya ce ƙara wani abu, kai kuma rage wani abu, har a sallama. Kai ka faɗe ta a waya babu kowa a tsakani, wa zai riƙo shi? Kuma yaron Alhajin nan ka yi masa maganar la'ada kuwa? Shi ya kawo cinikin, shi zai koma ya isar da magana, in bai ga nasa a ciki ba me zai sa ya wahala.

Ni dai shawarata ka nemi wani da Alhajin ke jin nauyinsa ya kai ka, ku gaisa, kace ranka ya daɗe na ga kun buɗe shafi Allah ya sa albarka, na .com ɗin yana nan in ana so. In kun daidaita ka karɓi kafin alƙalami a wurin.

Abu ɗaya kuma, na ga ana koya wa mutane su ce wai wani ya taya sama da haka alhali babu kowa. Kar ka yi. Malamai suna haɗa wannan da najashi da Annabi SAW ya hana, kuma Dawanau duk girmanta an san juna.

Sadauki_Bichi

Ni ban yarda ya bi Alhajin yanzu ba. Sun riga sun samu mafita, yana zuwa za su ce dubu 100. Ya bari su yi wata biyu uku da dogon sunan nan, su ga kwastoma suna mantawa suna rubuta .com suna faɗawa shafinsa, su da kansu za su dawo. Ya dai saka farashi a fili a shafin da lambar da za a same shi.

Mai_Shinkafa_Kura

Sadauki maganarka tana kan hanya in da suna da masu shiga shafin da yawa, amma sabon shafin mai sito mutum nawa ke buɗe shi a wata? Ba za su ji zafin komai ba. Gara ya je tun maganar da ɗuminta, sau ɗaya, cikin mutunci, in sun ƙi ya rubuta ranar a littafi ya sake gaishe su bayan kaka lokacin da kuɗi ke hannu. Ni wanda ya kashe min waya bayan wata takwas ya dawo, a ƙasa da farashin farko muka rabu amma na sayar.

Ɗan_Gumel07

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Abban Hauwa na tura wa mutumin yadda ka ce, yau kwana biyu ko amsa babu.

Na zauna da takarda jiya bayan isha'i, cikin 14 ɗin biyar kawai na iya samo wa mutane. Amma akwai biyu da ban faɗa ba, sunan wani babban kamfanin taki ne na ƙara masa Jigawa a baya, nace ko watarana za su saya. Su ma in sake su?

Abban_Hauwa

Sake su tun yau, kuma kar ka kuskura ka tura musu saƙon talla. Sunan da kamfani ya yi wa rijista a matsayin tambarinsa ba naka bane, a .com akwai tsarin warware rikicin domen mai suna UDRP tun 1999, su kai ƙara WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, a karɓe domen ɗin ba tare da an ba ka ko kwabo ba, kuma saƙon da ka tura kana neman kuɗi shi za su kafa hujja da shi. Riɗi da zoɓo kuwa kalmomin kowa ne.

Ɗan_Gumel07

To na cire su, sun shiga cikin taran da zan bari. Akwai wani baffana da ke kai riɗi Dawanau, na je na same shi da safe ashe ya san Alhajin, sun yi waya a gabana, yace mu zo ranar Litinin bayan azahar. Zan ce 450, in ya tsaya a 350 ɗinsa zan sallama, yaron kuma na ware masa dubu 20. Maman Ilham in ba damuwa zan miki magana ta akwati ki nuna min yadda ake haɗa shafi ɗayan nan kafin ranar.

Tambaya ta ƙarshe, in an biya yaya zan miƙa musu, ance akwai kulle na kwana 60?

Mai_Shinkafa_Kura

Kullen kwana 60 na sabon domen ne ko wanda aka sauya wa kamfanin rijista kwanan nan, wani lokaci kuma in an canza bayanan mai shi. Naka ya kusa shekara, babu matsala, sai dai kar ka taɓa suna ko imel ɗin da ke jiki kafin ranar. Mafi sauƙi ka sa yaron ya buɗe akawun a kamfanin da naka yake, ka tura masa kai tsaye, baya ɗaukar lokaci. In kuma suna son wani kamfanin sai ka buɗe kullen ka ba su lambar sirrin canja gida, wannan yakan kai kwana biyar zuwa bakwai. Kar ka dogara da hoton risit ko saƙon alat, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna sannan ka danna. Ka tafi da cajin wayarka a cike.