Tambaya: yaya ake sa filin ƙwallon unguwa ya zama PokéStop a garin Gombe?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin Wayfarer, wato kafar da ake tantance wuraren da 'yan wasa ke gabatarwa domin su zama PokéStop (wurin da ake tsayawa a karɓi kayan wasa) ko Gym (wurin fafatawa) a cikin Pokémon GO, wasan waya da ake yi a kan taswirar wurare na zahiri. Kwanan nan na kai matakin da ake ba mutum damar gabatar da wuri, kuma filayen wasanni ne suka fi tsaya mini a rai, domin a ɓangarenmu wuraren tsayawa a taswirar wasan ba su taka kara sun karya ba, alhali kowace yamma matasa na cika filaye suna taka leda.

Wurare uku nake da su a zuciya. Akwai filin unguwarmu, wanda ƙasa ce zalla ba ciyawa, ba shi da allon suna, ragar gabas ta ƙarfe ce da aka kafa da siminti, ta yamma kuwa gora ce da igiya. Akwai filin ƙwallon kwando mai kyau a cikin wata makarantar sakandare, wanda samarin unguwa ke shiga bayan la'asar idan ɗalibai sun tashi. Sai kuma filin wasa na Pantami, wanda nake so in san ko wuri guda ake ƙirga shi, ko kuwa ana iya gabatar da sassansa daban-daban. Ba na so in ɓata damar da nake da ita a kan abin da ba zai wuce ba.

Na-Pantami:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka aika.

Tun da Niantic, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, ya buɗe Wayfarer a 2019 ake gyara ƙa'idojinsa, amma tun daga 2020 sun tsaya a kan tambayoyi uku: shin wurin ya cancanci a je a gani, ko wurin motsa jiki ne, ko wurin da jama'a ke haɗuwa ne. Ɗaya daga cikin ukun ta wadatar, filin ƙwallo kuwa yana cika biyu ba tare da wata jayayya ba. Saboda haka ba a cancanta ake faɗuwa ba, a dalilan ƙin karɓa ake faɗuwa, kuma su ne ya kamata ka haddace.

Na makarantar nan ka cire shi daga lissafi. Duk abin da ke cikin harabar makarantar reno, firamare ko sakandare ba a karɓarsa, ko da ɗalibai sun tashi, ko da lokacin hutu ne, ko da shugaban makarantar ya yarje wa 'yan unguwa su shiga. Har zanen da ke jikin katangar makarantar ta waje yana cikin hanin. Na san wannan yana yi mana ciwo a nan, domin mafi yawan filayen da aka shimfiɗa wa siminti aka kafa musu kwando a harabar makarantu suke, amma dalilin a bayyane yake: ba a so wasan waya ya riƙa jawo baƙin manya inda yara suke. A fahimtata Islamiyyar yara ma hukuncinta ke nan. Manyan makarantu dai ba sa cikin hanin, don haka filayen Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ana iya gabatar da su.

Filin unguwarku shi ne mai buƙatar aiki. Mai tantancewa ba ya tsaye a Jekadafari, wataƙila ma bai taɓa shigowa Najeriya ba. Abin da ke gabansa hotonka ne da hoton tauraron ɗan'adam, kuma daga sama fili marar ciyawa bai bambanta da fulotin da ba a gina ba. Aikinka shi ne ka nuna masa cewa wurin dawwamamme ne. Ka sa ragar ƙarfen nan a babban hoto, ta fito sosai har a ga simintin gindinta, ka bar ta gorar a wajen hoton, domin gora da igiya abu ne da yaro zai iya tugewa a yini guda. A hoto na biyu, na ƙarin bayani, ka ja da baya ka haɗa ragar da wani gini da ake iya ganewa daga sama, kamar hasumiyar masallaci ko tankin ruwa, yadda zai iya daidaita abin da ka ɗauka da abin da taswira ke nuna masa.

Ɗigon da ke nuna wurin kada ka ajiye shi a tsakiyar fili. Ka sa shi a bakin fili, wajen da ake shigowa ko kusa da ragar, domin ba a so mai waya a hannu ya ratsa cikin masu wasa. Ba ka yi asarar komai ba, tunda daga nisan mita 80 ake iya juya PokéStop, wato a taɓa shi a waya a karɓi kayansa. Ka kuma tabbatar ana isa wurin da ƙafa cikin aminci, kuma ɗigon bai faɗa cikin gidan wani ba, domin gidan zama na iyali ma haramtacce ne.

Kocin Bolari:

Malam Na-Pantami ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni da nake horar da yara a irin waɗannan filaye ina da ƙari, har da ɗan saɓani.

Kafin ka ɗauki hoto, ka tambayi kanka ko filin na nan shekara mai zuwa. Muna da filaye a gefen gari da ake buga ƙwallo a kansu duk rani, da ruwan farko ya sauka mai gona ya zo ya shuka wake ko masara, sai bayan girbi a dawo da raga. Irin wannan na wani lokaci ne, ƙa'ida ta hana shi, kuma gaskiyar ƙa'idar ce. Wasu kuma fulotai ne da aka riga aka sayar, ana jiran mai su ya tara kuɗin bulo. Mai unguwa ya san matsayin kowane fili, ka je ka gaishe shi ka tambaya.

Saɓanin da nake da shi a kan ɓoye ragar gora ne. Ban ce a sa ta a babban hoto ba, amma ina ganin a faɗi gaskiyarta a cikin bayanin da ake rubuta wa masu tantancewa: raga ɗaya ta dindindin ce, ana wasa a nan shekara da shekaru, ƙungiyoyin unguwa na yin gasa a nan lokacin bukukuwan Sallah. Wanda ya gano da kansa cewa an ɓoye masa wani abu ba zai ƙara yarda da sauran maganarka ba.

Batun suna kuma, kada ka ƙirƙiro wani babban suna don burgewa. Sunan da 'yan unguwa ke kiran filin da shi shi ne sunansa. Idan ƙungiyarku za ta haɗa kuɗi ta kafa allon ƙarfe da izinin mai unguwa, hakan zai taimaka ƙwarai, amma ya zama allo na gaske da zai zauna, ba kwali da za a rataya a ɗauki hoto a cire ba. Yin haka maguɗi ne, kuma yana iya jawo a dakatar da asusun mutum. Hoton ma ka ɗauke shi da hantsi lokacin da fili ba kowa, domin fuskar mutum ko lambar babur idan ta fito ta isa a mayar maka da shi.

'Yar Tudun Wada:

Yaya Ɗan Jekadafari, bari in amsa ta ukun, tunda ba a taɓa ta ba. Filin Pantami, gidan Gombe United, ya cancanta ba tantama, kuma biyan kuɗin shiga ranar wasa ba ya hana shi, domin ƙa'ida ba ta ce sai wuri ya kasance a buɗe ga kowa a kowane lokaci ba. Ka fara dubawa ko wani ya riga ka, kada naka ya zama maimaici. Sashen da aka ware wa wani wasa na daban ana iya gabatar da shi da sunansa da hotonsa, amma raga biyu na fili guda ba wurare biyu ba ne.

Sai dai karɓa daban, fitowa a wasa daban. Taswirar a yanke take gida-gida bisa tsarin da ake kira S2, kuma abin da 'yan wasa suka daɗe da ganowa shi ne gidan mataki na 17, wanda faɗinsa bai kai mita 100 ba, PokéStop guda yake ɗauka. A babban gida na mataki na 14, wurare 2 ke haifar da Gym na farko, 6 na biyu, 20 na uku. Don haka ya fi amfani ka watsa abin da kake gabatarwa cikin unguwa da ka cusa su a lungu guda. Kada kuma wannan lissafi ya sa ka gusar da ɗigo daga ainihin wurin, domin ana hukunta hakan.

Ina roƙon duk wanda ya kai mataki ya riƙa shiga yana tantancewa. Duk lokacin da hukuncinka ya dace da na ƙarshe sau 100, ana ba ka damar tura naka guda gaba a layi. Abin da ya fi wannan, mu ne muka san kamannin filin ƙwallo a ƙasar nan. Sayen da kamfanin Scopely ya yi wa wasannin Niantic a 2025 kan dala biliyan 3.5 ya haɗa da Wayfarer, kuma har yanzu ana buƙatar idon 'yan wasa a wajen tantancewa.

Ɗan Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na makaranta na ajiye shi, kuma zan fara zuwa wurin mai unguwa kafin komai. Tambaya ta ƙarshe: gidan dambe fa, yana shiga?

Na-Pantami:

A ganina yana shiga, har ya fi filin ƙwallo abin faɗa, domin ya haɗa motsa jiki da taron jama'a da al'ada. Sharaɗin dai shi ne wanda Koci ya ambata: idan dandali ne mai katanga da ƙofa da suna, wanda ake dambe a cikinsa shekara bayan shekara, ka gabatar da ƙofar. Idan kuwa zana ce ake kewayawa bayan kaka a kwashe kafin damina, ka bar shi. Sunan ka rubuta shi da Hausa yadda yake, amma bayanin masu tantancewa ka yi shi da Turanci mai sauƙi, ka faɗi mene ne dambe a jimla ɗaya ko biyu, domin wanda zai duba yana iya kasancewa bai taɓa jin sunan wasan ba.