Neman kalma: me za mu kira "disosiyasiyon" da Hausa?

Jama'a, masu yi wa likitoci tafinta a Marwa, Mora da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, a arewacin Kamaru, ku matso. Akwai kalmar da likita ke faɗa da Faransanci, "disosiyasiyon", mu kuwa kowa da yadda yake juya ta.

Ga abin da ake nufi. Mace ta tsira daga harin da aka kai garin Kolofata, shekaru sun wuce, tana tsakiyar tuƙa tuwo sai ƙarar babur ta ratsa. Muciya a hannu, ido a buɗe, ana kiran sunanta ba ta amsawa. Daga baya ta ce: "Ina ganin hannuna, amma kamar na wata." Wani kuma jikinsa nasa ne, kasuwar ce ta koma masa kamar mafarki. Tun ranar bala'in, da ba halin gudu ba halin faɗa, ƙwaƙwalwa ta koyi yanke ji don mutum ya iya jurewa, sai ta ci gaba da yi ko ba haɗari. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware wannan a matsayin wani nau'i na ciwon firgicin bayan bala'i, da alamun nan biyu.

An kawo "suma". Ai matar ba ta faɗi ƙasa ba, a tsaye take. "Ɗimuwa" ta matso, sai dai mai ɗimuwa ruɗewa yake yi, wannan kuwa nesa ta yi da kanta.

Biyu ne nake roƙo a guje musu. "Gushewar hankali" a kunnen dangi hauka ce, kuma da an ce hauka an daina sauraron mutum, wata ma aurenta ya girgiza. "Tafiyar kurwa" ta fi haɗari: ka faɗe ta a ƙauye, gobe an fara neman mayen da ya kama kurwar, a ɗora wa wata tsohuwa sharri.

Ni na tsaya kan "yankewar hayyaci". Muna cewa ya fita hayyacinsa, ya dawo hayyacinsa, don haka mai ji ya san abu ne mai dawowa. A ƙarƙashinta, "baƙuntar kai" ga wadda jikinta ya zama mata baƙo, "baƙuntar duniya" ga wanda gari ya koma masa mafarki.

Malamanmu na Garwa da Kusiri, ku gwada ta a kan tsofaffi, ku faɗa mana ko ta shiga kunne ba tare da dogon bayani ba.