Ina son haɗa kayan Ertugrul da jika 10, ta ina zan fara?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni mai gyaran salula ne a nan Maraɗi. Samarin fadarmu mun shirya ɗan wasan kwaikwayo da za mu yi wa yaran unguwa kashegarin babbar sallah da la'asar, kuma ni aka ba matsayin Ertugrul, saboda na fi kowa bin shirin talabijin ɗin da aka yi a kansa. Tun daga kashin farko da tashar TRT ta Turkiyya ta fara nunawa a 2014 har na biyar da aka rufe da shi a 2019, babu wanda ban kalla ba. Abin da ya ja ni gare shi, mutumin ya rayu da gaske a ƙarni na 13, shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, kuma yaran unguwarmu sun san shi kamar ɗan gidansu. Idan na fito da kayan da ba su yi ba, su ne za su fara ganewa.

Ga abin da nake bukata: hular nan mai gashi a gefe, rigar fata ta ƙirji mai maɓallan ƙarfe, abin ɗaura wa damtse daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ɗamara mai faɗi, doguwar riga ta ciki, dogon takalmi, da takobi cikin kubensa. Sai tambarin Kayi, ƙabilar su Ertugrul, sanda biyu a tsaye da mai kama da baka a tsakaninsu, wanda nake so ya fito sosai.

Na ga ana sayar da su a intanet, amma kuɗin hular kaɗai idan aka haɗa da na aiko ta ya ninka abin da ke hannuna. Jika 10 gare ni, wato sefa dubu goma, ba ƙari. Niyyata in samu fatar ragon layyar gidanmu in yi hula da ita, sauran kuɗin in sa maƙeri ya buga mini takobi na gaske, rigar kuma in nemi fata. Masu sana'a da ke cikin zauren nan, don Allah ku duba mini, wannan lissafin zai fita?

Baba Baduku ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ya karanto mini tambayarka, shi ke rubuta abin da nike hwaɗi.

Lissahinka ba shi hita, kuma wurin hwatar layya ya hwara karyewa. Ragon da aka yanka ranar sallah, hwatarshi ɗanya ce kashegari. In ka ɗora ta bisa kai cikin wanga zahi, kahin la'asar ta yi wari, ƙuda su bi ka, gashin kuma ya hwara zuba. Jima ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai an kankare kitsen, an sa gishiri, an jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, an shanya a inuwa, an murza ta da mai har ta yi laushi. Abin da za ka yi, ka nemi tsohon buzu. Gidaje da yawa akwai wanda gehenshi ya cinye an aje shi. Hula ba ta cin buzu guda, tsiri ɗaya mai hwaɗin tahin hannu, tsawonshi ya zagaye kanka, shi ke nan. Ka zaɓi mai duhun gashi. In hwari ka samu, kada ka shahwa mishi fenti, gashin zai daskare. Ka kai marina.

Saman hular shi ne wurin da za ka sa hwata ta gaske. Nan garin ba mu da abin nema waje wajen hwata, jar akuyar Maraɗi tun zamanin Turawa ake ɗibar hwatarta zuwa ƙasashensu saboda laushinta da ƙarhinta. Ka tahi wurin majema ka ce a ba ka wadda ke da tabo ko huji a tsakiya. Mu dukawa ba mu son ta don ba ta yin jaka ko matashi, kuɗɗinta ƙasa suke, kai kuwa gunduwa-gunduwa za ka yanka, sai ka kauce wa hujin. Hwata ɗaya ta ishe ka saman hula da damtse biyu da bakin kube, in ka auna da takarda kahin ka sa wuƙa. Saman hula yanki huɗu ne, kowane kamar ganye mai tsini, a haɗa tsinin a sama. Ka hwara yinshi da takardar buhun siminti ka gwada a kanka, ka bar wurin yatsa ɗaya, don buzu zai matse shi.

Launi kuma, kada ka sayi komi. Baƙin da muke sa wa hwata kuloko ne, tsatsar ƙarhe ce da aka jiƙa ta daɗe, da ta taɓa hwatar da aka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa nan take, kuma ba ta goguwa. In ja mai duhu kake so, karan dahi. Kowane baduku na da su a tukunya, in ka gaishe shi da kyau zai shahwa maka.

Rigar ƙirji dai, in hwata kake so sai ka haɗa uku ko huɗu, kuma jika 10 ba su kai ka can. Ni ban son leda, wagga hwatar roba, ba ta numhwashi kuma ba ta tsuhwa da kyau, amma ban hana ka ba.

Maman Nana Tela ta rubuta:

Sannu Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa kan hula haka yake. Amma rigar ƙirji a bar wa yaron nan leda, wasan yini ɗaya ne.

Ƙanena, ka je wurin masu yi wa baburan kabu-kabu rigar sirdi, ko masu kujerun kushin. Ledar da suke aiki da ita mai yadi a bayanta, akwai baƙa akwai mai ruwan ƙasa. Ka ɗauki mai ruwan ƙasa wadda ba ta ƙyalli, don mai ƙyalli da rana ta haska ta kowa zai ce sirdin babur ne. Kafin ka sayi sabuwa ka tambaye su ragowar yanka, suna tara ta a buhu. Ragowar ma ta fi dacewa da aikinka, domin idan ka tsayar da hoton ka duba da kyau, rigar ba shafi ɗaya ba ce, yanki-yanki ce aka jera wani bisa wani.

Sirrin da zai sa ta tsaya a jiki, kada ka ɗinka ledar ita kaɗai. Ka samo tsohuwar falmaran ko kwat a wurin 'yan bosho masu sayar da gwanjo, wadda ta ɗan fi ka girma, a cire hannuwan, sai a riƙa ɗora yankan ledar a kanta daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya rufe ɗinkin na ƙasa da shi. A kafaɗa a sa soso siriri. Maɓallan ƙarfe kuwa masu gyaran takalma da jaka na da su da abin bugawa. Kada ka cika su, layi ɗaya a gefen ƙirji da kewayen wuya ya isa, kowane ɗaya kuɗi ne.

Yanzu maganar da ta fi damuna, zafi. Can ƙasarsu da dusar ƙanƙara aka yi wa kayan nan, mu kuwa sallar bana cikin zafi za ta faɗo, kuma ka san la'asar ɗin Maraɗi a irin wannan lokaci. Don haka bayan rigar kada a sa leda ko kaɗan, a bar yadin falmaran ɗin, gefe da gefe kuma a buɗe a sa igiya ana zargewa, iska ta samu hanya. Rigar ciki a yi ta da akoko, a rina ta shuɗi mai duhu ko baƙi, tsawonta ya sauka ƙasan gwiwa, a tsaga gaba da baya don ka iya buɗe ƙafa. Kada wani ya ruɗe ka da yadin roba wai ya fi arha, zai dafa ka. Gashin kafaɗa ma ɗan tsiri za a ɗinka daga ragowar buzun hula, ba mayafi guda ba.

Takalmi kada ka kashe ko dala. Ka sa baƙin takalminka na kullum, a yanka leda a naɗe ƙwauri daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, a ɗaure da igiya ta baya. Daga inda yara ke zaune dogon takalmi za su gani.

Sai ka yi sauri. Tela a goman ƙarshe kafin sallah ba ya duban irin wannan aiki, kuma allurar keken kowa ba ta cin leda. Ka kai wa mai ɗinkin sirdin da kansa, kekensa an yi shi don ita.

Bagobirin Tibiri ya rubuta:

Ni takobin zan yi magana a kai. Abokina ka janye maganar maƙeri gaba ɗaya. Wasa ne a tsakiyar yara, akwai gudu akwai juyi, kuma na tabbata cikin jaruman Ertugrul, wanda zai fito a Turgut zai zo da gatari, Bamsi kuma da takubba biyu. Ƙarfe ko ba shi da kaifi yana fasa goshi. Ban da haka, halin da ake ciki na tsaro a yankin nan, saurayi ya ratsa gari da takobin ƙarfe a ɗamara, zai sha tambaya kafin ya isa filin wasa. Ku ma gaya wa mai unguwa tun da wuri cewa za ku yi taro.

Ka samu kafinta ya yanko maka shi daga ragowar falanki, mai ɗan lanƙwasa, a goge bakin ya zama dagurgur, tsinin ma a daddaƙe shi. A shafa baƙin fenti tukuna, in ya bushe a bi da mai ruwan azurfa sama-sama, yadda baƙin zai riƙa leƙowa, sai ya yi kama da ƙarfen da ya ga aiki. Marikin a naɗe da igiyar fata. Kube kuwa kwali biyu ne a manne da gam, a rufe da leda. Tambarin Kayi ka yanka shi daga gwangwanin madara, ka lanƙwashe gefen ciki da filaya don kada ya yanke ka, ka kafa ɗaya a goshin hula ɗaya a kan ɗamara. In da sauran shuɗin yadi, ku yi tuta da farin tambari a tsakiya, ita ce za ta gaya wa na nesa ko su wane ne ku.

Wani abu kuma da ke raina. Duk kayan nan da muke kwaikwayo, muna da irinsu a gida. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar Sarkin Katsinan Maraɗi ko nan Tibiri wurin Sarkin Gobir ya ga lifidi da sulke da kwalkwali da idonsa. Da irinsu Katsinawan Ɗan Kasawa, sarkinsu na farko a Maraɗi, da Gobirawa suka riƙe wannan ƙasa bayan jihadin da aka fara a 1804. Ban ce ku fasa Ertugrul ba, ni ma ina kallo. Amma badi ku gwada namu, za ku ga masu ba ku aron kaya sun fi yawa, tsofaffi kuma za su zo kallo.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na tambayi kakata, akwai tsohon buzu mai baƙin gashi a ɗakinta, ta ce in ɗauka. Yaya Maman Nana, na je wurin wani mai ɗinkin sirdi kusa da babbar kasuwa, ya nuna mini buhun ragowa, ruwan ƙasa ta fi yawa a ciki, kuma ya yarda zai ɗinka idan na kawo falmaran ɗin a wannan makon.

Ga yadda na raba kuɗin: jika 3 leda da ɗinkinta, jika 2 fatar akuya, jika 1 falmaran, jika 2 akoko da rini da ɗinki, jika 1 takobi da fenti, dala ɗari (rabin jika) maɓallai, dala ɗari na ajiye ko wani abu zai taso. Na kai wa fada maganar makamai, mun amince duka na katako za a yi, har gatarin Turgut. Shawarar badi ma na faɗa musu, biyu daga cikinmu 'yan gidan dogarai ne, sun ce za su tambayi iyayensu.

Saura abu ɗaya. Ertugrul na da dogon gashi har kafaɗa, ni kuwa aski nake yi. Gemu ina da shi. Gashin fa?

Maman Nana Tela ta rubuta:

Wannan mai sauƙi ne. Ka sayi baƙin zaren ulu irin wanda ake kitso da shi, ƙulli ɗaya. A yanka shi tsawon kamu ɗaya da rabi, a warware kowane zare da tsinke don ya yi laushi, a jera a ɗinke bisa tsirin yadi, sai a kafa tsirin a cikin hular ta baya, daga bayan kunne zuwa bayan kunne. Gaba kada a sa komai, buzu ya rufe wurin. Kada ya yi yawa, don wuyanka zai yi gumi. Ka aiko ƙanwarka da hular idan Baba ya gama duba ta, zan kafa maka, ba sai ka biya ba.