Hoton cinya ya nuna alamar tsila, me ya kawo maganar ƙwaƙwalwa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Yayana ya faɗi, aka ɗauki hoton eksire na cinyarsa. Ƙashi lafiya lau, amma an ga fararen ɗigo masu yawa a cikin tsoka, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Likita ya ce alamar tsilar alade ce, kuma ya nemi hoton ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai taɓa cin naman alade ba, gwajin bahaya kuma bai nuna komai ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Allah ya ba shi lafiya. Naman aladen da bai dahu ba yana kawo babbar tsutsar da ke zama a hanji, amma abin da aka gani a jikinsa daga ƙwan tsutsar yake, wanda ake haɗiya ta ruwa, abinci ko hannun da bahayan mai ɗauke da ita ya gurɓata. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su bi jini su sauka a tsoka, ido ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa gwajin bahaya kan fito babu komai. Waɗanda eksire ya nuna matattu ne da suka ƙandare, amma yawansu ya isa dalilin duba ƙwaƙwalwa.

Binta: Ina aikin ɗaukar hoto a asibiti. A cikin nau'o'in hoton ƙwaƙwalwa biyu, wato CT da MRI, CT ya fi kama matattun da suka ƙandare, MRI kuwa ya fi nuna masu rai, inda ake ganin 'yar jakar ruwa da ɗigo ɗaya a ciki, wato kan tsutsar. Bambancin yana da muhimmanci, domin matattu ba sa buƙatar maganin kashe tsutsa. Masu rai ake ba albendazol, wani lokaci tare da furazikwantel, kuma ana haɗawa da maganin rage kumburi, tun da mutuwarsu tana kumbura ƙwaƙwalwa. Don Allah kada ku saya masa magani da kanku, kuma a duba idonsa tukuna.

Malam Sani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan tsutsa ce sanadin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a wurare da dama da ta yaɗu. Ya taɓa yin farfaɗiya ko ciwon kai mai naci?

Hadiza: Ciwon kai kam ya daɗe yana fama da shi, amma bai gaya wa likita ba. Gobe zan raka shi mu faɗa.