Sake gina babban birni bayan yaƙi: a wane mataki ake raba talaka da mai hali?

Mai tsara birane, Tarauni:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka yi aikin awo, kimanta diyya, gini ko shari'ar filaye a garin da aka sake ginawa bayan yaƙi ko rikici, ko suka je suka ga aikin da idonsu. Sau da yawa ana kammalawa sai a tarar tsakiyar gari ta yi kyau, amma mutanen da suke cikinta kafin yaƙi sun koma bayan gari, kowa ya bi 'yan addininsa ko 'yan ƙabilarsa. Ina so mu bi aikin daki-daki mu ga inda ɓarakar take shigowa. A ganina tun a takarda ake gama rabon, kafin a haƙa tushe. Wanda ya san Beirut, babban birnin Labanon, ya fara mana, don nan ne abin ya fi fitowa fili.

Mai kimanta kadarori, Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Yaƙin basasar Labanon ya ɗauki daga 1975 zuwa 1990. Layin da ya raba Beirut biyu, gabas ta Kiristoci da yamma mai rinjayen Musulmi, ya tashi ne daga Dandalin Shahidai ya bi Titin Damaskas. Wato tsakiyar gari, inda kasuwanni da tashar mota suke, ita ta zama fagen daga.

Ga yadda aka yi bayan an ajiye makamai. A 1991 aka yi doka mai lamba 117, wadda ta ba da damar a miƙa yankin da yaƙi ya lalata ga kamfani guda. A Mayun 1994 aka kafa kamfanin, mai suna Solidere, lokacin Rafik Hariri yana firayim minista, kuma shi kansa yana cikin manyan masu hannun jari. Yankin ya kai kadada 191 in an haɗa da filin da aka cike a bakin teku. Ba a ba masu gidaje da kantuna kuɗi a hannu ba. Kwamitocin kimantawa ƙarƙashin alƙalai suka sa wa kowace kadara farashi, aka mayar da farashin hannun jari. Jimillar abin da aka ba masu haƙƙi ta kama kusan dala biliyan 1.17, masu zuba sabon kuɗi kuma suka sa dala miliyan 650.

Matsalar kimantawa ita ce ranar da aka ɗauka. An sa wa fili kuɗi yana kango, babu ruwa babu wuta. Bayan an ja titi da magudana farashin ya ninka, kuma ƙarin ya tafi ga wanda yake da ƙarfin riƙe takardarsa shekaru. Mai ƙaramin shago da yake neman kuɗin haya a wata unguwa ba zai jira ba, sayarwa zai yi da wuri a duk yadda aka taya. Takardar hannun jari kuma ba ta ba ka damar komawa inda shagonka yake.

Lauya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Alhaji ya taɓo wurin. Bari in ƙara abin da ya ba dokar ƙofa. Masu haƙƙi a tsakiyar Beirut dubun dubata ne: magada a kan magada, 'yan haya na tsohuwar yarjejeniya, filayen waƙafi na masallatai da coci-coci, ga waɗanda suka yi hijira ƙasashen waje. Hujjar gwamnati ita ce ba za a iya tara sa hannun waɗannan mutane a yi gini ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Duk wanda ya taɓa bin rabon gadon gida ɗaya a cikin birni, wanda kaka ya bari ba a raba ba har jikoki suka hayayyafa, ya san wahalar.

An bar wa wasu masu gine-gine damar karɓar nasu, da sharaɗin su gyara cikin wa'adi kuma a kan ƙa'idar kamfanin. Wa zai iya? Banki, ko iyalin da suke da kuɗi a waje. Magada talatin da rabinsu ba su da aikin yi ba za su iya ba. Sharaɗin bai ambaci talaka ba, amma shi ya tankaɗe.

Sai waɗanda yaƙi ya koro, akasari 'yan Shi'a daga kudancin ƙasar, da suka zauna a gidajen da aka gudu aka bari a unguwanni irin su Wadi Abu Jamil. An biya su kuɗin tashi. Kuɗin tashi ba gida ba ne, don haka da yawansu suka nufi unguwannin kudu da ake kira Dahiya, inda danginsu suke kuma haya take da sauƙi. Kowa ya ƙara nutsewa cikin nasa.

Injiniyan gini, Sharaɗa:
Ni a ɓangarenmu zan yi magana, don da sa hannun injiniya ake rushe gini, kuma a nan ake yawan zalunci. Gini mai ramukan harsashi a fuska yana da ban tsoro a ido, amma ido ba ya yanke hukunci. Abin dubawa ginshiƙai ne da bim da dakin. Matakan da ya kamata a bi:

A fara kankare filasta a ga kankaren kansa. Tsaga a bulo ba komai ba ce, ana cirewa a sake. Tsagar da ta ratsa ginshiƙi a karkace, ko wadda ta buɗe kusa da mahaɗar ginshiƙi da bim, ita ce abin tsoro. Inda gobara ta ci, a duba launi: kankaren da ya koma ja-ja ya sha zafin da ya kai wajen digiri 300, ƙarfinsa ya fara raguwa, sai a sassaƙe har a kai ga lafiyayye. A buga hamar gwaji a wurare da yawa, amma kada a tsaya a kanta, don fatar kankare kawai take ji. A huda a ciro gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse ta. A duba rodi: tsatsar sama ana gogewa, wanda ya sirance ko ya lanƙwashe ana ƙara masa wani. Ginshiƙin da ya raunana ana yi masa riga, wato a tokare dakin da jak, a sassaƙe, a ɗaure sabbin rodi da zobba kewaye da shi, a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba rigar ba a ɗauke wa ginshiƙin nauyi ba, sai sabon kankaren ya zama ado.

Gine-ginen da aka bari a tsaye a tsakiyar Beirut ba su kai 300 ba. Masana gini na ƙasar sun daɗe suna ƙorafin cewa an rushe da yawa da za su gyaru. Dalilin a bayyane yake: fili fetal ya fi tsohon gini mai 'yan haya daraja a wurin mai saye. Saboda haka injiniyan da zai duba gini kada ya zama wanda mai son filin yake biya, kuma a ba mai gida kwafin rahoton da damar kawo nasa injiniyan.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Ranku ya daɗe, ku masu ilimin abin kun yi bayani, amma akwai wanda mu 'yan kasuwa muka fi lura da shi. Abin da yake haɗa mutane a gari kasuwa ce da tasha. A Beirut kafin yaƙi duk motar haya a Dandalin Shahidai take sauke mutane, Kirista da Musulmi su yi ciniki a rumfa ɗaya. Yanzu mai zuwa kudu tashar Kola zai je ya hau mota, mai zuwa arewa ya nufi wajen tashar Dora. An sake buɗe wurin tsofaffin kasuwannin a 2009 da sunansu na da, amma kantunan kayan Turai ne masu gilashi. Mai sayar da yadi gwari-gwari, mai gyaran takalmi, mai shayi, babu mai iya biyan hayar. Da daddare ka bi wasu layukan ka ga benaye masu tsada fitilu a kashe, masu su suna ƙasashen waje. Ku ɗauka a tashi Kwari da Singa da Kurmi a zuba manyan kantuna, a mayar da tashoshi Dawanau da Mariri. Wa zai ƙara haɗuwa da wa?

Mai tsara birane, Tarauni:
Alhaji, wannan shi ne abin da zanen taswira ba ya nunawa. To akwai inda aka yi akasin haka?

Malama mai koyar da tsara birane, Kabuga:
Akwai, Malam, a garin dai. Bayan yaƙin 2006 da Isra'ila ta ragargaza Harat Huraik a Dahiya, shirin Wa'ad da Hizbullah ta kafa ya sake gina benayen a inda suke, masu gidaje suka haɗa diyyarsu, kowa ya koma hawansa. Mutane sun koma, wannan gaskiya ne. Amma kada mu ɗauke shi magani. An maimaita cunkoson da, kuma tun da jam'iyya ɗaya ta ɓangare ɗaya ce ta yi aikin, unguwar ta ƙara zama ta mutum iri ɗaya. A tsakiyar gari kuɗi ya raba mutane, a nan kuma aƙida. Shirin Elisar da gwamnati ta kafa a tsakiyar shekarun 1990 don gyara unguwannin kudu na bakin teku, akasarin gidajen da ya yi alkawari ba a gina ba.

Sannan ba sai mun je nesa ba. Abuja ɗiyar yaƙin basasa ce. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, kwamitin Mai shari'a Aguda ya zauna a 1975, Janar Murtala ya sanar da kafa sabon babban birnin a ranar 3 ga Fabrairun 1976, aka tare a ranar 12 ga Disambar 1991. Manufar ita ce birnin da ba na kowace ƙabila ba. An rage rabon ƙabila, aka samu na aljihu. Manyan filaye a Maitama da Asokoro, leburorin da suka gina garin a Nyanya, ma'aikata a Kubwa da Karu da Mararraba wadda ma a jihar Nasarawa take. Gbagyi 'yan asalin wurin, da farko an ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni, da aka ga kuɗin ya yi yawa aka sauya shawara a 1978, har yau maganarsu ba ta mutu ba. Rusau na 2003 zuwa 2007 da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006 sun ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi waje.

Safiyo, Hotoro:
Malama, girman fuloti kaɗai ya isa ya yi wannan aikin ba tare da an kori kowa ba. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Cire wajen kashi 30 cikin 100 na titi da magudana da makaranta, saura 7,000. In ka yanka ƙafa 50 da 100, wato mita 15 da 30, za ka samu fuloti 15. In ka yanka 50 da 50, za ka samu 31. In ka yi irin na unguwar Nasarawa ta Kano mai murabba'in mita 2,000, uku ne da ɗoriya. Kuɗin kwalta da bututun ruwa na kadadar kusan ɗaya ne, a kan yawan fulotin ake raba shi. Duk shimfiɗar da aka yi da manyan fulotai zalla, an riga an zaɓi masu zama. Sauran jama'a awon igiya za su bi, inda lungu ba ya ɗaukar motar kashe gobara kuma babu inda aka ware wa kwata. A cakuɗa girma uku a shimfiɗa ɗaya, ƙananan su fi yawa, a bar mutum ya fara da ɗaki biyu da banɗaki ya riƙa ƙarawa.

Dattijo, tsohon ma'aikacin filaye, Gwagwarwa:
'Ya'yana, Kano ma ta sha wannan. Bayan Turawa sun ci garin a 1903 suka zauna a Nasarawa da Bompai, suka bar fili tsakaninsu da 'yan ƙasa wanda ƙa'idar Gwamna Lugga ta sa yadi 440. Jirgin ƙasa ya iso, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don 'yan kudu, Kwarori a Fagge ta Kudu, baƙin Arewa a Tudun Wada da nan Gwagwarwa. Wannan zanen har yau a kansa muke tafiya.

Abu ɗaya da aka yi daidai: bayan 1966 da Inyamurai suka bar Sabon Gari, an riƙe gidajensu amana, da yaƙi ya ƙare akasari aka mayar wa masu su, saɓanin Fatakwal inda rigimar kadarorin da aka bari ta ɗauki shekaru. Shi ya sa suka dawo. Amma bayan rikicin 1991 da na 2004 babu hukumar da ta kori kowa, mutane da kansu suka riƙa sayar da gida suna komawa inda suke jin in wani abu ya tashi za su kwana lafiya. Mai sayarwa cikin tsoro da araha yake sayarwa, kuma unguwar da ta rasa baƙinta ba ta cika samunsu kuma ba.

Lauya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Baba ya tuna min da dokarmu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a a sashe na 28, sashe na 29 kuma diyyar abin da aka ɗora a kan fili yake magana, gini da shuka da makamantansu. Gidan da ya ƙone ƙurmus, me za a kimanta a kansa? Ɗan haya kuma sunansa ba ya cikin kowace takarda. Yawancin gidajen cikin birni ba su da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, sai ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wadda ita ma tana iya ƙonewa tare da gidan.

Don haka ƙidaya ita ce aikin farko, kafin katafila ta shigo. A tsayar da rana ɗaya a sanar a masallatai da coci-coci da rediyo. A bi gida-gida tare da mai unguwa, a rubuta mai gida da 'yan haya da masu rumfa a ƙofar gida, kowa da layinsa. A ɗauki hoton kowane gini da lambarsa. A liƙa jerin sunayen a ƙofar dagaci na tsawon wata guda don masu ƙorafi, a kuma aika wa waɗanda suka yi gudun hijira inda suke, don su ne ba sa nan ranar ƙidaya. Gidan gado a rubuta sunan kowane magaji, mata da marayu a ciki, kada a wadatu da sunan babban wa a ce ya wakilci sauran.