Zanen duwatsu a fili: ina ya kamata in fara?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗalibar zane ce ni a Zariya. An ba mu aikin hutu na zanen duwatsu, kuma malaminmu ya ce kada wanda ya kawo masa abin da ya kwafa daga hoton waya, sai dai mutum ya je ya zauna gaban dutsen ya zana. Don Allah ina kuke ganin ya dace in je, kuma wane irin fenti zan riƙe?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ke da kike Zariya ai ga dutsen Kufena nan a bakin ƙofarki. Ki tafi bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga ki riga kin zauna. Da safe inuwa tana kwanciya cikin tsagogin dutsen, ki ga kowane lungu da saƙo. Da ƙarfe sha ɗaya ta yi, rana ta dawo tsaka, dutsen ya zama dunƙule guda marar fasali, sai a tattara kaya.

Ladi: Malam, Kufena kam ba laifi, amma a bar yarinya ta ga Filato. Ƙanwata, ki zo Jos. Duwatsun Shere suna gabashin gari, tsayinsu ya haura mita 1,800, idan kika hau za ki ga tuddai jere bayan jere har inda ido ya tsaya. In kuma hawa zai ba ki wahala, ga duwatsun Riyom a bakin titi, manyan curi ɗaya kan ɗaya kamar da hannu aka ɗora su. Ki riƙe rigar sanyi kawai.

Hauwa: Na gode Anti Ladi. To amma yanzu da hunturu ya shigo, hazo ba zai rufe komai ba?

Ladi: Shi ne matsalar. Ni da zaɓi ne da na ce ki jira ƙarshen damina, wajen Oktoba, ruwa ya wanke sama, ciyawa ba ta bushe ba tukuna. Cikin hazo komai fari fat yake, babu armashi.

Malam Sani: Ladi, a nan ban bi ki ba. Hazon nan shi ne malamin da ba a biya. Abin da ke ba ɗalibai wuya shi ne nuna nisa a kan takarda, su yi wa dutsen nesa launi mai ƙarfi daidai da na kusa, zanen ya taso ya manne a fuska. Ƙura da ke cikin iska tana dusashe duk abin da ya yi nisa, shi ya sa tudun farko za ki gan shi da duhu, ja-ja, na biyu ya koma ruwan toka, na uku da ƙyar kike raba shi da sama. A hunturu wannan bambancin yana fitowa ko a tazarar kilomita ɗaya. Hauwa, ki ɗan kanne ido ki duba, ki ƙidaya matakan duhu, ki fara shafa na nesa mai haske ki taho gaba kina ƙara nauyi. Ranar da hazon ya yi kauri har dutsen ya ɓace, wannan kam sai a zauna a gida.

Ladi: Na ji, Malam. Amma ka faɗa mata abin da iskar hunturu ke yi wa fenti.

Malam Sani: Wannan gaskiya ne. Fentin akirilik, wato fentin roba, kan bushe a bakin buroshi tun kafin ya kai allo, fentin mai kuma ƙura yake kamawa, ki dawo gida da zane mai tsakuwa.

Hajiya Binta: 'Yata, ki ɗauki fentin ruwa da takarda mai kauri, ƙarama, wadda ba ta fi littafin rubutu ba. Ki manne gefunanta huɗu a jikin katako da salatif, in ba haka ba iska ta yi gaba da ita. Launi biyar sun ishe ki: shuɗi, rawaya, ja, ruwan ƙasa da fari. Kada ki yi amfani da koren da ke cikin kwali yadda yake, babu bishiyar da ke da wannan launin a ƙasar nan, ki ɗiga masa ja kaɗan ya kwanta. Kuma ki zauna inda rana ba ta dukan takardar, ko ki kafa laima, don farar takarda cikin rana tana kashe ido, sai ki yi ta zuba duhu ba ki sani ba.

Hauwa: Hajiya, fentin ya yi tsada yanzu wallahi.

Hajiya Binta: To ki haɗa na ƙasa da kanki. Abin da ke riƙe fentin ruwa a takarda ƙaro ne, wanda malamai ke sa wa tawada. Ki ɗebi jar ƙasar wurin, ki daka, ki tankaɗe da tsumma mai laushi, ki kwaɓa da ruwan ƙaro da ɗigon zuma don kada ya tsattsage. Gawayi ya ba ki baƙi. Shuɗi da rawaya kaɗai za ki saya.

Buba: Salam. Ni daga Gembu nake, kuma ban ji an ambaci tsaunin Mambila ba. Daga Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, hanya ta fara hawa bayan Mayo Selbe, kana kaiwa sama ka ga tuddai kore shar da shanu a warwatse, ga gonakin shayi a Kakara. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana wannan yankin kan iyakar Kamaru. Sai dai namu yanayin akasin naku ne, da damina danshi ya yi yawa, fentin ruwa sai ya ƙi bushewa, gajimare kuma ya sauko ya rufe tudun da kake zanawa cikin 'yan mintuna. Masu zuwa nan fensir suke fara yi da sauri, su rubuta launi a gefe, su ƙarasa a masauki.

Malam Sani: Buba, cikin gandun ana shiga haka kawai?

Buba: A'a Malam, sai an je ofis an karɓi izini, a haɗa ka da ma'aikacin gandu ya yi maka jagora. A kwarin Gashaka akwai ƙudan tsando, kuma baƙin kaya da shuɗi suke bi, a sa kaya masu launin ruwan ƙasa. A kuma tambayi lafiyar hanya kafin a taso.

Ladi: Wannan ya shafi ko'ina. Ko Shere ne kada ki je ke kaɗai. Ki fara gaida mai unguwar wurin ki faɗi abin da ya kawo ki, don baƙo da allo yana kallon dutse yana rubutu, wasu sai su ɗauka mai auna fili ne ko mai neman ma'adini. Kusa da shingen jami'an tsaro kuma kada ma ki fito da fensir.

Hauwa: Allah ya saka da alheri. Zan fara da Kufena ranar Asabar tare da ƙanena, in ya yiwu Jos bayan sati biyu. Anti Ladi, zan yi miki magana ta gefe kan masauki.

Malam Sani: Ki zana wuri ɗaya sau biyu, ƙarfe bakwai da kuma bayan la'asar, ki ɗora mana su a nan mu gani.