Tsakuwar ƙoda a jikin yaro: wa ya taɓa gani?

Maman Ilham, Tunfure, Gombe: Assalamu alaikum iyaye. An yi wa ɗana ɗan shekara 6 hoton ciki, aka ga tsakuwa a ƙodarsa ta hagu. Wallahi na zaci ciwon manya ne. Kakarsa ta ce a hana shi nono da madara, wai su ke daskarewa a ciki. Don Allah wanda ya sha wannan hanya ya haska mini.

Baban Sadiƙ, Wunti, Bauchi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, kada ki hana shi nono. Mu mun hana namu kusan shekara, tsakuwar ta sake dawowa. Sai da likitan yara ya sa muka tara fitsarinsa na awa 24 a jarka aka kai gwaji, sannan aka gano sinadarin kalsiyam ne ya yi yawa a fitsarin, alhali na jininsa daidai yake. Ya ce gishiri ne ke jan kalsiyam ya zubo cikin fitsari. Kalsiyam na abinci irin su nono da madara kuwa amfani yake yi: shi ke kama sinadarin oksalet tun a hanji su fita da bayan gida, in babu shi oksalet ɗin ya tafi ƙoda, can yana iya zama tsakuwa. Muka zauna muka yi lissafi: dunƙule huɗu a miya, taliyar yara kullum da safe har da garin ƙunshinta, ga yajin da yake barbaɗa wa awara. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne miyar gidan gaba ɗaya aka rage wa gishiri, don ba a yi wa yaro tukunya daban ya yarda. Alayyafo da gyaɗa, masu yawan oksalet, rage su aka yi, ba a hana ba.

Maman Biyu, Azare: Tamu daban ce, shi ya sa nake roƙon a yi gwaji kafin a bi shawarar kowa, har tawa. 'Yata tana da abin da ake kira sistinuriya, wato sinadarin sistin ne ke yin yawa a fitsari har ya zama tsakuwa. Gado ne, sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka, kuma ni da babanta auren zumunci ne. Da aka ce a gwada ƙannenta, aka samu ɗaya yana da shi tun bai fara ciwo ba. Na yi kuka ranar, amma gara da aka sani. Suna shan maganin sitiret da likita ya rubuta, kuma har cikin dare nake tashin su su sha ruwa.

Malam na Dadin Kowa: Mu nan kusa da dam, duk yaron da ya yi fitsarin jini sai a ce tsargiya ce. Sau biyu jikana ya sha maganinta, yana ta riƙe gabansa yana kuka in zai yi fitsari. Ashe tsakuwa ce a mafitsara. Likita ya tambayi abin da ya ci bayan yaye: koko zalla, ga yawan gudawa. In an cire ko ta fito da kanta, a adana ta a kwalba a kai gwaji. Mu an yar da tamu, har yau ina jin takaici.

Anti Malama, Fantami: A aji nake ganin su lokacin zafin Maris da Afrilu. Yara suna ƙin shan ruwa don kada su shiga bandakin makaranta. A ba shi gora, a kuma gaya wa malamarsa ta riƙa barin sa ya fita. Fitsarin ya zama fari-fari, ba kalar shayi ba.

Maman Ilham: Allah ya saka muku da alheri. Ranar Talata za mu koma asibiti, zan nemi gwajin awa 24 ɗin. Baban Sadiƙ, shi ɗinku ya daina fitsarin kwance lokacin? Nawa bai daina ba, ban san yadda za mu tara na dare ba.